Takedda, garin jan ƙarfe na ƙasar Abzin: tambayoyi da amsoshi

Mai karanta tarihin fataucin Sahara yakan ci karo da sunan Takedda a layi ɗaya ko biyu, a ce masa gari ne da ake haƙar jan ƙarfe, sai a zarce da shi Tambutu da zinariyar Mali. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan garin da yankinsa, da amsoshinsu gwargwadon abin da rubuce-rubucen mutanen da da aikin masu tonon kufai suka nuna.

A ina Takedda take? Tana nan har yanzu?

Garin ya daɗe da mutuwa, kufai ne kawai ya rage. Mafi yawan masana tarihi sun tsaya a kan cewa Takedda ita ce wurin da ake kira Azelik a yau, cikin jihar Agadas a Jamhuriyar Nijar, arewa maso yamma da birnin Agadas, arewa kuma da Ingal. Wurin yana cikin faffaɗan filin Irhazer mai jan yumɓu, inda ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Abzin yake malala da damina. Akwai idanun ruwa a Azelik, kuma a irin wannan ƙasa ruwa ne ke kafa gari.

Wanda ya je zai tarar da tulin duwatsun gidajen da suka rushe, da harsashin masallatai, da maƙabartu, da tsingaro barbaje a ƙasa. A kewayen akwai wurare uku masu suna Tigidda: Tigidda n Tesemt ta gishiri, da Tigidda n Adrar, da Tigidda n Tagait. Shi ya sa ake ganin sunan da Larabawa suka rubuta bai tsaya ga gari ɗaya ba, ya haɗa har da ƙasar da garin ke shugabanta.

Wa ya ga garin da idonsa ya ba da labari?

Mutum ɗaya ne ya sauka a garin lokacin da yake tashe ya bar mana bayani mai tsawo: Ibn Baɗuɗa, matafiyin nan ɗan Tanja ta ƙasar Maroko. A 1353, bayan ya gama zamansa a Mali, ya taso daga Gao cikin wani babban ayarin mutanen Gadamas ta ƙasar Libiya ta yau, ya yi gabas ta ƙasar makiyayan Bardama har ya iso Takedda.

Ya ce gidajen garin da jan dutse aka gina su. Ruwan kuwa yana ratsa wurin ma'adinin, don haka launinsa da ɗanɗanonsa duk sun sauya. Ba a noma sai 'yar alkama kaɗan da fatake da baƙi ke ci. Kunamun garin suna kashe yaron da bai balaga ba, amma da wuya su kashe babba, kuma yana nan kunama ta harbi ɗan shugaban mutanen Magrib (arewa maso yammacin Afirka) mazauna garin, Sa'idu bin Ali al-Jazuli, yaron ya rasu, shi ma ya halarci jana'izar. Mutanen garin ba su da sana'a sai fatauci. Kowace shekara suna zuwa Masar su sayo tufafi masu kyau da sauran kaya, suna cikin wadata, suna gasar yawan bayi da kuyangi.

Sarkin ƙasar, wani Ba'abzine mai suna Izar, ba a cikin garin yake zaune ba. Yana zangonsa na tantuna, tafiyar yini guda daga gari. Da Ibn Baɗuɗa ya je gaishe shi, sai sarkin ya fito tarbarsa a kan doki ba sirdi, tare da 'ya'yan 'yar'uwarsa, waɗanda su ne magadan sarauta a al'adarsu. Kwana 6 ya yi a wurinsa, ana aiko masa da gasassun raguna safe da yamma, da zai tafi kuma aka sallame shi da taguwa da miskali 10 na zinariya. Yana komawa gari manzon sarkin Maroko, Abu Inan, ya iso da umarnin ya dawo gida. Ya bar Takedda ranar 11 ga Sha'aban 754, wato watan Satumba na 1353, cikin ayarin da ke ɗauke da kuyangi kusan 600 zuwa arewa.

Yaya ake haƙar jan ƙarfen, yaya kuma ake narkar da shi?

A faɗar Ibn Baɗuɗa, mahaƙar tana bayan gari. A tona ƙasa a ɗebo, a kawo cikin gari, a narke a gidaje. Bayi da kuyangi ne ke wannan aiki. In ya narke ya zama jan ƙarfe sai a zuba shi sanda-sanda, tsawon taƙi ɗaya da rabi, wasu sirara wasu masu kauri.

Binciken da masana Faransawa Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka yi a Azelik a shekarun 1970 ya cike giɓin da matafiyin ya bari. Kada mutum ya zaci rami ne mai zurfi irin na mahaƙun zamani. Jan ƙarfen yankin yana zuwa ne tsantsarsa, ƙwaya-ƙwaya, a maƙale cikin wani siririn shimfiɗin dutse da ke kusa da doron ƙasa. Aikin shi ne a fasa dutsen, a daka shi, a tsince ko a rairaye ƙwayoyin, a zuba su cikin ƙaramar tukunyar yumɓu, a binne ta cikin gawayi, a yi ta zuga har zafin ya haura digiri 1,085 inda jan ƙarfe ke narkewa. Daga nan a tuttula ruwan ƙarfen cikin mazubi. An tsinci gutsattsarin irin waɗannan tukwane a kufan, da ɗigon ƙarfen da ya daskare, da 'yan sandunan jan ƙarfe sirara.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa ake iya yin aikin a tsakar gida. Ba ya bukatar babbar matoya irin ta masu narkar da tama, hannuwa da yawa yake bukata, da haƙurin daka dutse yini guda don abin da bai cika tafin hannu ba. Ibn Baɗuɗa ya rubuta sunan alƙali da na sarki da na mai masaukinsa. Cikin masu dakan dutsen bai rubuta sunan ko ɗaya ba, alhali da guminsu aka san garin.

Da gaske ne da sandunan jan ƙarfe suke cefane?

Ƙwarai kuwa, su ne kuɗin garin. Masu kauri ana ba da 400 a kan miskali ɗaya na zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Miskali ya ɗara giram 4 kaɗan. Da sirara ake sayen nama da itacen girki. Da masu kauri ake sayen gero da alkama da man shanu da bayi.

Tun da matafiyin ya ba da farashin hatsi, ana iya zama a yi lissafin kasuwar. Alkama mudu 20 ne a miskali, ke nan mudu ɗaya ya tashi a kan sanda 20 masu kauri. Gero mudu 90 ne a miskali, mudu ɗaya bai kai sanda 5 ba. Wato mai cin alkama yana kashe fiye da ninki huɗu na abin da mai cin gero ke kashewa, shi ya sa ta zama abincin fatake da baƙi. Mudun nasu ƙarami ne, ya ce sulusin na Maroko ne. Shi da kansa ya sayi wata kuyanga mai ilimi a kan miskali 25, kafin mai ita ya yi nadama ya nemi a warware cinikin. In da da sanduna zai biya, 10,000 masu kauri zai ƙirga. A nan ake gane cewa sandunan na kasuwar yau da kullum ne, babban ciniki kuwa da zinariya ake lissafinsa.

Abin lura a nan shi ne kasuwa ta kai matsayin da mahauci da mai itace ke karɓar kuɗi maimakon musaya, har akwai manyan kuɗi da canji. Kuma kuɗin nan kaya ne a karan kansa. In ya bar Takedda ya yi kudu, maƙeri na iya narkar da shi ya ƙera munduwa.

Me ya haɗa Takedda da ƙasar Hausa?

Ibn Baɗuɗa ya lissafa inda ake kai jan ƙarfen: Kubar, da Zagai, da Barno mai nisan kwana 40, inda ya ce mutanen Musulmi ne, sarkinsu Idrisu ba ya bayyana ga jama'a, ta bayan labule yake magana. Daga can ake kawo bayi da babanni da rinannun tufafi. Masana sun yarda cewa Kubar ita ce Gobir, kuma wannan yana cikin ambato mafi daɗewa da wani baƙo ya yi wa ƙasar Hausa da sunanta a rubuce. Ya ce a lokacin mutanenta ba Musulmi ba ne, abin da bai saɓa wa tarihin Kano ba, inda aka ce Wangarawa sun zo da Musulunci zamanin Sarki Yaji, wanda ake sa mulkinsa tsakanin 1349 da 1385. Zagai kuwa an yi ta kai ta wurare daban-daban, wasu na cewa yankin Katsina ake nufi.

Gobir ta wancan zamani ba a inda muka san ta yau take ba. Gobirawa da kansu suna cewa a Abzin suka zauna kafin su gangaro Birnin Lalle, daga baya Alƙalawa. Kudu da Agadas akwai wani kufai mai suna Marandet, wanda ake ɗauka shi ne Maranda da marubutan Larabawa suka ambata tun ƙarni na 9, kuma an tono dubban ƙananan tukwanen narkar da jan ƙarfe a wurin. Masanin tarihin nan na Nijar, Djibo Hamani, yana cikin masu danganta Maranda da Gobirawan farko. In haka ne, Gobirawa ba masu saye daga nesa ba ne kawai, maƙwabta ne da suka san sana'ar.

Dalilin cinikin a fili yake. Ƙasar Hausa tana da tama, maƙeranta ba su rasa baƙin ƙarfen fartanya da mashi ba. Abin da ba ta da shi shi ne jan ƙarfe, ga shi kuwa shi ne ƙarfen ado da sarauta: mundaye, warwaro, zobba, kayan doki, tasoshi. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a jihar Katsina, an tona kaburburan manyan mutane a 1907 da kuma 1992, aka same su da mundayen hannu da na ƙafa da tasoshin tagulla da zinariya da wuri. Ba a ce duk ƙarfen nan daga Takedda ya fito ba, wasu kayan ƙirar arewa ne ko gabas. Amma sun nuna irin ƙishin da masu mulkin ƙasar Hausa ke yi wa wannan ƙarfe a daidai ƙarnonin da Takedda ke tashe.

In jan ƙarfen ba shi da yawa, me ya sa garin ya yi suna haka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. In aka auna Azelik da mahaƙun Zambiya ko na Katanga a Kwango, ba a ma fara magana ba. Abu biyu ne suka ɗaga Takedda, kuma ba yawan ma'adini a cikinsu.

Na farko, a Afirka ta Yamma jan ƙarfe abu ne mai wuyar samu. Wuraren da aka san an haƙe shi a da ba su da yawa: Akjujt a Muritaniya, yankin Nioro a Mali, Azelik, sai wasu wurare a kwarin Binuwai. Bukatar ta fi abin da ake samu nesa ba kusa ba, har sai da ake ɗauko tagulla daga arewacin Afirka a ratso Sahara da ita. A 1964 masanin Faransa Théodore Monod ya gano kayan wani ayari da aka binne a Ma'adin Ijafen cikin hamadar Muritaniya: sandunan tagulla 2,085, wato jan ƙarfen da aka gauraya da tutiya, tare da wuri, tun wajen ƙarni na 11 ko na 12. Wanda zai ɗora wa raƙumi ƙarfe ya yi wata biyu cikin rairayi, ya san abin da zai samu a ƙarshen tafiya. Takedda kuwa tata mahaƙar tana bakin ƙofar masu saye.

Na biyu, garin yana mararraba. Hanyar Gao zuwa Abzin da Gat da Masar ta nan ta bi. Hanyar arewa zuwa Hoggar da Tuwat a Aljeriya ta yau, wadda Ibn Baɗuɗa ya bi ya koma gida, daga nan ta tashi. Ta kudu zuwa Gobir da ta gabas zuwa Barno duk nan suka haɗu. Masanin tarihi Ibn Haldun ya rubuta cewa a 1353 ya haɗu da jakadan sarkin Takedda a Biskra ta Aljeriya, wanda ya gaya masa ayari mai raƙuma 12,000 ya ratsa garinsu a shekarar. Wasu masana na ganin ya rikita Takedda da Tadmakka ta ƙasar Mali, don haka a yi taka-tsantsan da adadin. Amma maganar Ibn Baɗuɗa cewa mutanen garin ba su da aiki sai fatauci ta isa shaida. Attajiran Takedda fatake ne da suka yi sa'ar samun mahaƙar kuɗi a ƙofar gida.

Takedda tana ƙarƙashin daular Mali ne?

Taswirorin littattafan makaranta da yawa suna shafa mata launin Mali. Tushen wannan shi ne abin da marubucin Larabci al-Umari ya rubuta daga bakin waɗanda suka zauna da Mansa Musa a Alƙahira lokacin hajjinsa na 1324: wai sarkin ya ce yana da wani gari mai mahaƙar jan ƙarfe, ana kawo masa sanduna yana karɓar haraji, ana kuma sayar da shi a ƙasashen kudu, nauyin miskali 100 na jan ƙarfe a kan miskali 66 da sulusi biyu na zinariya. Sunan garin a rubutun bai fito sarai ba, wasu suka karanta shi Takedda, wasu suka ce wata mahaƙa ce a yammacin Mali.

Shekara 29 bayan wannan hajji Ibn Baɗuɗa ya tarar da Takedda da sarkinta na kanta, bai kuma ambaci wakilin Mali ko haraji ba, shi da ya fito daga fadar Mali bai daɗe ba. A ganina shaidar wanda ya je ta fi ƙarfi. Farashin da aka jingina wa Mansa Musa kuma, ko da an yi masa ƙari, in aka ajiye shi kusa da sanda 400 a miskali, ya nuna inda ribar take: a hannun mai kai kaya, ba mai haƙa ba.

Me ya sa aka daɗe ana gardama kan inda garin yake?

Saboda Turawan da suka fara bin sawun Ibn Baɗuɗa babbar mahaƙa suke nema, ba su kuwa gan ta ba. Henri Lhote, Bafaranshen da ya yi suna a binciken Sahara, ya dage cewa Takedda ita ce Tigidda n Tesemt, kuma gishiri ne matafiyin ya gani aka rubuta jan ƙarfe bisa kuskure. Raymond Mauny da wasu suka tsaya a kan Azelik tun shekarun 1950, bayan an tsinci ma'adinin a wurin. Magana ta yi ta ja har aka tona kufan aka fito da tukwanen narki da ɗigon ƙarfe. Gani ya kori ji. Dama hujjar gishirin tana da rauni tun farko, don ba a narka gishiri a zuba shi sanda ja mai tsawon taƙi da rabi.

Tun yaushe ake narkar da jan ƙarfe a yankin?

Tun kafin a san da wani gari wai shi Takedda, da fiye da shekara 1,500. Mai tonon kufai Danilo Grébénart ya yi tono a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 a wurare irin su Afunfun, kudu da Agadas, ya raba abin da ya samu zamani biyu. Na farko ya kai shi har wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), abin da ya ja hankalin duniya, don da ya tabbata da yankin ya shiga sahun wuraren da suka fi daɗewa da sanin ƙarfe a Afirka.

A 1988 aka sake duba kayan, David Killick da abokan aikinsa, da shi Grébénart ɗin a cikinsu. Suka gano cewa da yawa daga abin da aka zaci matoya ce ta zamanin farko kututturan itatuwa ne da suka ƙone a cikin ƙasa suka gasa yumɓun da ke kewaye da su, gawayin tsohon itace kuma yana ba da shekarun da suka girmi wutar da ta ƙone shi. Zamani na biyu dai ya tsaya daram: a cikin shekaru 1,000 na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ana narkar da jan ƙarfe a yankin Agadas a ƙananan matoya, ana ƙera kan kibiya da basilla da kayan ado. Wannan ya yi daidai da zamanin mahaƙar Akjujt. Har yau za ka ga ana yaɗa tsohon adadin a intanet ba tare da an ambaci gyaran ba.

Da jan ƙarfen Takedda aka yi kayan Igbo-Ukwu da na Ife?

An daɗe ana zaton haka game da tsofaffin kayan tagullar Igbo-Ukwu, a kudu maso gabashin Najeriya, bayan tonon da Thurstan Shaw ya fara a 1959. Gwajin da aka yi daga baya ya nuna yawancin ƙarfen ya fi kama da na mahaƙun yankin Abakaliki, kusa da Igbo-Ukwu ɗin. Game da kawunan Ife da mutum-mutumin Tada na bakin Kwara, waɗanda wasunsu kusan jan ƙarfe ne tsantsa, ana ambaton Azelik cikin wuraren da ake zato, amma magana ce da ba a rufe ba.

An ce garin malamai ne kuma?

Haka ne, kuma ta nan ne alaƙarsa da Kano da Katsina ta fi fitowa fili. Tun zuwan Ibn Baɗuɗa akwai alƙali, Abu Ibrahim Ishaƙ al-Janati, da limami da malamin makaranta, har ya tarar sun tafi sasanta Izar da wani sarki maƙwabcinsa. Da Shehu Muhammadu al-Magili ya baro Tuwat a farkon shekarun 1490, ya zauna a Takedda ya karantar kafin ya wuce Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa, da Katsina, da Gao wurin Askiya Muhammadu. A Takedda ne Muhammadu bin Ahmad al-Tazahti, wanda aka fi sani da Aida Ahmad, ya yi karatu a gabansa. Bayan ya je gabas ya dawo sai ya zauna a Katsina ya zama alƙali, ya rasu wajen 1529, kuma Katsinawa da dama na cewa shi ne Waliyyi Ɗantakum. Akwai kuma al-Aƙib al-Anusammani, mutumin Anu Samman kusa da Takedda, wanda ya yi karatu wurin al-Magili da kuma Imam Suyuɗi a Masar. Hanyar da sandunan ƙarfe suka bi suka shiga ƙasar Hausa, ita littattafan fiƙihu suka biyo.

To, me ya kashe garin?

Ba abu ɗaya ba ne. Ma'adinin da ke kusa da sama, wanda ake iya samu da hannu da dutse, yana da iyaka. Sannan a farkon ƙarni na 15 ƙabilun Abzinawa suka naɗa sarkin da zai haɗa kansu, zuwa tsakiyar ƙarnin kuma sarautar ta zauna a Agadas. Sabon birni ya janye ayari, ya janye fatake da malamai. Tarihin Kano ya ce zamanin Sarki Yakubu, tsakanin 1452 da 1463, Abzinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa, alamar cewa kayan da ke tafiyar da cinikin kudu ya fara sauyawa. Ta bakin teku kuma, daga shekarun 1470, jiragen Fotugal suka fara sauke mundayen tagulla dubbai a gaɓar Gana ta yau da Binin, ƙarfen da a da sai an ratso hamada da shi.

Ƙarshen dai da yaƙi ya zo. Labarin da mutanen Ingal ke bayarwa shi ne sarkin Agadas ya yaƙi Azelik ya rushe ta. Tun da al-Magili ya same ta da rai a shekarun 1490, masana na sa rushewar a cikin ƙarni na 16.

Ina zuriyar mutanen garin suke?

Suna Ingal da Tigidda n Tesemt. Ana kiran su Isawaghan, a cikinsu akwai Inusufa, waɗanda ake dangantawa da Masufa, wata ƙabilar Sahara da Ibn Baɗuɗa ya ambata. Harshensu Tasawak ne, asalinsa dangin Zabarmanci da Sonrai, cike da kalmomin Buzanci da Larabci, yawancinsu kuma suna jin Hausa. Agadas ma irin wannan harshe take yi lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya je a 1850, kafin Hausa ta maye gurbinsa. A nasu labarin, waɗanda suka tsira daga yaƙin ne suka koma aikin gishiri.

Aikin yana nan har gobe. A Tigidda n Tesemt akwai ɗaruruwan ƙananan ramuka masu da'ira, jere a kan shimfiɗaɗɗen dutse. Ana ɗebo ƙasa mai gishiri a zuba a babban kwatami, a kwarara mata ruwan rijiya mai zartsi, a dama, a bar laka ta kwanta. Sai a kwashi ruwan saman da ƙwarya a rarraba cikin ƙananan ramukan, rana ta yi aikinta. In ɓawon gishiri ya taso a saman ruwa sai a yayyafa masa ruwa ya nutse, don wani ya samu wurin tasowa. A ƙarshe a kwashe, a cura, a shanya. Lakar da aka gama tatsa ana tara ta gefe, har ta zama tuddai kewaye da wurin. Gishirin ja-ja ne, na dabbobi ne galibi, kuma kasuwarsa tana kudu, wajen Tawa da sauran garuruwan Hausa. Da damina ruwa kan cike ramukan da laka, aiki ya tsaya, jama'a su koma Ingal wurin dabinonsu. A ƙarshen daminar ne Buzaye da Fulani Wodaɓe ke kawo garkunansu filin Irhazer lasar gishiri, a yi babban taron nan na Ingal a watan Satumba.

Ana haƙar jan ƙarfe a Azelik yanzu?

A'a, wani ma'adinin ake nema a wurin. A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa suka je Azelik neman jan ƙarfe, sai suka ci karo da yuraniyom. Daga wannan ne bincike ya bazu a yammacin Abzin har aka kai ga Arlit, inda kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi a 1971, COMINAK kuma ta biyo baya a Akokan a 1978, aka rufe ta a 2021.

Ita Azelik sai a 2007 aka kafa mata kamfani, SOMINA, haɗin gwiwar gwamnatin Nijar da kamfanin CNNC na ƙasar Sin. Ya fara fitar da yuraniyom wajen 2011, ya dakata wajen 2015 lokacin da farashi ya faɗi a kasuwar duniya, a 2023 kuma ɓangarorin biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar farfaɗo da aikin. Jan ƙarfen kuwa ba a buɗe masa mahaƙar zamani ba, don yawansa bai kai wanda zai mayar wa kamfani kuɗin injinansa ba.